Filin Tambaya da Amsa: Zaɓen Kyamara da Maganin Hoto Mai Dishi-Dishi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan yawancinsu a kan kyamara suke, kuma ko da yake kowane mai tambaya da irin nasa kukan, idan aka tattara su sai a ga ciwon ɗaya ne: an ɗauki hoto ana murna, an zo dubawa a babban allo, sai aka tarar fuskoki sun yi dishi-dishi kamar ana hangensu ta cikin hayaƙi. Na zaɓi guda shida daga ciki, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai sha'awar koyon ɗaukar hoto, kuma na daɗe ina tarin kuɗin kyamara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wayar abokina megafiksel 108 aka rubuta mata, kyamarar da nake nema kuwa 24 kacal gare ta. Anya ba sayen asara zan yi ba?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, ba asara za ka yi ba. Lambar nan da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ita ce ta fi daɗin talla, shi ya sa ake ɗaga ta, amma a cikin abubuwan da ke sa hoto ya fito tar ita ce ta baya-baya. Hoton dijital da ƙananan ɗigo masu launi aka gina shi, kowane ɗigo sunansa fiksel, megafiksel ɗaya kuwa ɗigo miliyan ɗaya ke nan. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba ka hoto mai ɗigo 6,000 a kwance da 4,000 a tsaye. To, nawa ne ido yake bukata? Allon kwamfuta da aka saba gani, mai ɗigo 1,920 da 1,080, duka-duka ɗigonsa miliyan biyu ne da 'yan kai, talabijin ɗin da ake kira 4K kuwa miliyan takwas ne da ɗoriya. Idan wanke hoton za a yi a takarda, ma'aunin da masu ɗab'i suka saba bi shi ne ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka hoto mai inci 6 da 4 ɗigo 1,800 da 1,200 sun ishe shi, wanda zai cika shafin A4 kuwa ko miliyan tara ba ya bukata cikakku. Ka ga ashe 24 ɗin da kake rainawa ta ishe ka har da rarar da za ka datse gefen hoto ba tare da ya lalace ba.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne girman farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar, wanda ake kira sensa. Wadda ƙwararru suka fi riƙewa ita ce mai milimita 36 da 24, girman da aka gada daga fim ɗin da mai milimita 35. Ƙasa da ita akwai wadda ake kira APS-C, kimanin 23.5 da 15.6 a kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm, ta Canon kuma ta ɗan gaza haka, 22.3 da 14.9. Sai ta tsarin da Olympus da Panasonic suka fitar tare a 2008, mai 17.3 da 13. Wayoyi kuwa, ko waɗanda suka fi saura girman sensa, tasu kimanin 13 da 9 ce, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na girman filin APS-C, kuma yawancinsu ba su kai haka ba. Ka ɗauka ɗan ƙaramin fili ne aka yanka gida 108, ga kuma babbar gona an raba ta gida 24, sannan aka yi ruwan sama iri ɗaya a kansu: kason wa zai fi shan ruwa? Haka haske yake sauka a kan sensa. Ɗigon da ya sami haske isasshe yakan ba da launi mai tsabta, wanda ya sami ƙanƙani kuwa sai hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Masu ƙera wayoyin sun san da haka, shi ya sa waya mai 108, idan ba ka umarce ta ba, takan haɗa ɗigo tara ko huɗu ta mai da su ɗaya, ta ba ka hoto mai megafiksel 12 ko 27.

Ban ce waya ba ta iya hoto ba. Da rana, a kan abin da ba ya motsi, takan yi abin mamaki, domin tana ɗaukar hotuna da dama cikin ƙiftawar ido ta haɗa su su zama ɗaya. Inda take gazawa shi ne inda duhu ya haɗu da motsi, da kuma abin da ke nesa. Akwai lokacin da ƙarancin ɗigo yake matsala ta gaske: kyamarar dijital ta farko, wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo 10,000 kacal take ɗauka, baƙi da fari, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 kafin ta gama ajiye hoto ɗaya a kan kaset. Wannan yaƙin an daɗe da cinye shi, masu talla ne kawai ba su ajiye makamai ba.

Shawarata ita ce kada ka zuba dukan kuɗinka a kan jikin kyamara ka bar gilashin gaba, wanda haske ke ratsawa, a matsayin abin da za a yi tunaninsa daga baya. Jiki matsakaici da gilashi nagari sun fi jiki mai tsada da gilashi na je-ka-na-yi-ka, kuma jikin yakan tsufa a sauya shi, gilashi kuwa yakan yi shekaru yana aiki. Kafin ka biya, ka riƙe kyamarar a hannunka na 'yan mintuna, ka ji ko yatsunka suna kaiwa ga maɓallan ba tare da lalube ba, domin wadda ta yi maka nauyi a gida za ka riƙa barinta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kyamara mai gilashin 18-55, kuma hotunan da nake ɗauka a waje da rana suna fitowa raɗau. Amma da zarar na ɗauki 'ya'yana a cikin ɗaki da yamma, sai hannu ya zama kamar hayaƙi, fuska ta rabu biyu. Na duba bayanan wani hoton na ga an rubuta 1/15, f/5.6, ISO 400, milimita 55. Kyamarar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kyamararki lafiyarta ƙalau, kuma kin kyauta da kika turo lambobin nan, domin su ne suka tona asirin matsalar. Kowane hoton dijital yana ɗauke da irin waɗannan bayanai a ɓoye a cikinsa, ana kiransu EXIF, kuma duk mai son ya san laifin hotonsa daga nan ya kamata ya fara, ba daga shagon sayar da kyamara ba.

Dishi-dishi ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Ki buɗe hoton a kwamfuta, ki zuƙo shi har inda aka rubuta 100%, sannan ki nemi ɗan ƙyallin nan da ke cikin ƙwayar idon yaro. Idan ya tsaya ɗigo guda mai kaifi, hoton lafiya lau yake. Idan ya ja wutsiya kamar waƙafi, kuma kika ga bakin taga da ƙafar kujera da duk abin da ke cikin hoton sun ja irin wannan wutsiya zuwa ɓangare ɗaya, to hannunki ne ya girgiza. Idan kujera da bango sun tsaya cak, yaron ne kaɗai ya narke, to shi ne ya motsa. Idan kuwa ƙyallin ya kumbura ya zama faifai mai laushi ba tare da wutsiya ba, alhali agogon da ke jikin bango a bayan yaron ya fito har ana karanta lambobinsa, to saiti ne ya kauce, kyamarar ta kama abin da ke baya ta saki fuska.

Naki, bisa ga lambobin da kika kawo, na farko da na biyu ne suka haɗu. A gaban sensa akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna maɓalli, kuma 1/15 na nufin ya zauna a buɗe na tsawon kashi ɗaya cikin goma sha biyar na daƙiƙa. A kunne wannan bai kai komai ba, amma a wurin yaro mai wasa lokaci ne da zai ishe shi ya juya kai ya ɗaga hannu, kuma duk hanyar da hannun ya bi sai ta zanu a hoton. Game da girgizar hannu, masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: lambar da ke ƙasan layi, kamar 15 a cikin 1/15, kada ta gaza tsawon gilashin, wato lambar milimitar da ke nuna yawan zuƙowarsa. A kyamara irin taki ana ninka tsawon sau ɗaya da rabi, saboda haka milimita 55 tana neman wajen 1/80, kuma 1/100 ya fi kwanciyar hankali. Game da motsin wanda ake ɗauka kuwa, mutum a zaune 1/125 ya ishe shi, yaro mai wasa ko mai tafiya 1/250, mai gudu 1/500 zuwa 1/1000, tsuntsu a sama kuma sai an kai wajen 1/2000.

Sai dai ba a samun saurin nan kyauta. Duk lokacin da aka ninka saurin labule, hasken da ke shiga yana raguwa da rabi, kuma daga 1/15 zuwa 1/250 hawa huɗu ne, 1/30, 1/60, 1/125, sannan 1/250, wato hasken ya koma kashi ɗaya cikin 16 na yadda yake. Dole a biya wannan bashi daga wani wuri, in ba haka ba hoton ya fito baƙi ƙirin. Wurin biya na farko, wanda ba a kashe ko sisi, shi ne ɗakin kansa: a kunna dukan fitilu, a ɗage labulen taga, a zaunar da yaran fuskarsu tana kallon tagar, ke kuma ki ba ta baya ko gefe. Na biyu shi ne ISO, wanda yake ƙara wa hoton haske ta hanyar ƙarfafa abin da sensa ta karɓa. Daga 400 zuwa 6400 shi ma hawa huɗu ne cif, kuma shi kaɗai zai iya biyan bashin. Na san mutane da yawa suna gudun ɗaga ISO saboda tsaki-tsakin da yake kawowa, amma ni a ganina wannan tsoro ya wuce kima. Tsaki ana iya rage shi da manhaja, kuma a hoton da aka wanke ƙarami da ƙyar ake ganinsa, fuskar da ta rabu biyu kuwa da wuya a haɗa ta.

Wuri na uku shi ne kafar haske da ke cikin gilashi, wadda ake auna ta da lambar f, kuma a nan ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. Gilashin 18-55 da ke zuwa tare da kyamara yana da wata ɗabi'a da ba kowa ya lura da ita ba: a milimita 18 yana buɗewa har f/3.5, amma idan aka zuƙo zuwa 55 sai ya tsuke ya koma f/5.6, hasken ya ragu fiye da rabi. Ashe zuƙowar da kike yi daga bakin ƙofa ita ce take ƙara jefa ki cikin duhu. Ki rage zuƙowa ki taka da ƙafarki, sai dai kada ki matsa har kan hancin yaro, domin a 18 fuskar da aka kusanta sosai takan kumbura. Idan da hali, gilashi mai milimita 50 da f/1.8, wanda yake cikin mafiya araha a wurin kusan kowane kamfani, yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da f/5.6 ke shigarwa. Da shi, a ɗakin nan naki da fitilar nan taki, ISO 800 zai kai ki 1/250 har da rara.

Ga yadda za ki yi a aikace. Ki juya faifan da ke saman kyamara zuwa harafin S, ko Tv idan Canon ce, ki zaɓi 1/250, ki bar ISO ya zaɓi kansa. Ki mai da saiti zuwa mai bin motsi, wanda aka rubuta AF-C, ko AI Servo a kyamarorin Canon masu madubi, ki ɗora ɗigon saitin a kan idon da ya fi kusa da ke, ki danna maɓalli rabi har ya kama kafin ki ƙarasa. Gwiwoyin hannunki su manne da haƙarƙari, tafin hagu ya tallafi gilashin daga ƙasa, kuma dannawar ta zama matsawa a hankali, ba caka ba. Ki ɗauki uku ko huɗu a jere, domin sau da yawa na tsakiya ne ke fitowa. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: na'urar rage girgiza, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon VR, Sony OSS, hannunki kawai take riƙewa, ba ta riƙe yaro.

Tambaya: Malam, na ga wata ƙaramar kyamara an rubuta tana zuƙo abu har sau 120. Da gaske ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sake duba kwalin da kyau, mai yiwuwa za ka ga lambobi biyu ne aka ninka, misali 30 da 4. Ta farko zuƙowar gilashi ce, inda gilasan ciki ke motsawa su jawo abin kusa da gaske. Ta biyu yanke tsakiyar hoton kawai ake yi a hura shi, abin da za ka iya yi da kanka a kwamfuta, kuma ba ya ƙara ko gashi ɗaya da gilashin bai gani ba. Ta farko kaɗai za ka lissafa. Ka kuma sani cewa zuƙowa mai nisa tana zuƙo girgizar hannu tare da ita, ga hazo da rawar iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi, waɗanda babu gilashin da ke maganinsu.

Tambaya: Malam, nakan ɗauki hoton taro. Na ɗauki mutane sahu uku da f/2.8, na gaba suka fito, na baya suka dushe. Aka ce in ƙara lambar, na kai ta f/22, sai kowa da kowa ya yi laushi. Ina mafita?

Amsa: Malam, ka gudu daga wani rami ka faɗa wani. Gilashi ba ya iya saita komai lokaci guda. Akwai wani yanki a gaba da bayan inda ka saita wanda ido zai yarda ya fito, kuma kaurin wannan yanki yana raguwa idan kafar haske ta buɗe, ko ka matso kusa, ko ka zuƙo. A f/2.8 yankin bai kai ya ɗauki sahu uku ba, shi ya sa na baya suka dushe. A f/22 kuwa abu biyu ne suka same ka. Na farko, haske idan ya ratsa kafa ƙanƙanuwa yakan bazu a gefunanta, ɗigon da ya kamata ya sauka wuri guda sai ya fantsama kan maƙwabtansa, hoton ya yi laushi daga kusurwa zuwa kusurwa; wannan dokar haske ce, ba laifin kamfani ba, kuma a kyamarar APS-C takan fara bayyana daga wajen f/11 zuwa sama. Na biyu, daga f/8 zuwa f/22 hawa uku ne, saboda haka labulen da zai rufe a 1/125 sai ya koma 1/15, girgiza ta shigo ta ƙofar baya.

Yawancin gilasai tsakanin f/5.6 da f/8 suke nuna iyakar kyawunsu. Ga sahu uku ka tsaya a f/8, ka saita a kan idon wani da ke sahu na biyu, ka ɗan ja da baya, ka matse sahun kusa da juna, ka kuma hana na gefe lanƙwasowa gaba, domin saiti shimfiɗaɗɗe ne kamar bango, ba ya bin baka. Idan kana da mazaunin kyamara mai ƙafa uku, ka ɗora ta ka kunna jinkirin daƙiƙa 2, yadda hannunka zai bar jikinta kafin labule ya buɗe.

Tun da ka ambaci laushi, bari in ba ka labarin abin da ya taɓa samuna. Na taɓa ɗaukar wani taro tun safe har dare, na dawo na tarar kowane hoto yana da wani farin hazo, kowace fitila kuma ta yi rawani. Kwana biyu ina zargin gilashin, har na fara neman mai gyara, sai da na cire shi na juya bayansa na ga sawun babban yatsana a kan ɗan gilashin baya, zanensa ya fito sarai kamar na mai dangwala takarda. Na gaba kullum ina gogewa, na baya ban taɓa dubawa ba. Tun daga ranar nake duba duka biyun, in fara hure ƙura da ɗan famfon roba, sannan in goge da ƙyalle mai laushi na gilashi daga tsakiya zuwa gefe. Bakin riga ba ya wannan aiki, domin ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a zare ta isa ta ja layin da ba ya gogewa.

Tambaya: Na yi ritaya, ina so in koma wa hoto da na bari tun zamanin fim. Mai madubi zan saya ko marar madubi? Kuma ko ta hannu tana da amfani?

Amsa: Ranka ya daɗe, barka da dawowa, kuma abin da ka sani na fim bai ɓace ba, domin labule da kafar haske suna nan yadda ka bar su. Mai madubi irin wadda ka saba da ita ce: madubi a ciki yana tura haske zuwa tagar leƙe, idan aka danna sai ya ɗaga ya ba sensa hanya. Marar madubi kuwa abin da sensa ke gani shi ake nuna maka a ɗan ƙaramin allo a cikin tagar. Panasonic ce ta fara fitar da irinta mai sauya gilashi a 2008, Sony ta kawo jerin A7 mai babbar sensa a 2013, Canon da Nikon suka bi sahu da nasu manyan a 2018, kuma tun daga nan sabbin gilasai can suka karkata. Idan girman sensa ɗaya ne, madubi ko rashinsa ba shi ke sa hoto ya fi wani fitowa ba. Marar madubi ta fi sauƙin ɗauka, tana nuna maka hasken hoton kafin ka danna, kuma sababbinta suna gane ido su bi shi, abin da ke rage kaucewar saiti ƙwarai. Laifinta shan batir. Mai madubi batirinta yana daɗewa, kuma gilasanta na hannu suna da yawa. Da ni ne mai farawa yau, marar madubi zan ɗauka, amma ba zan raina mai madubi mai lafiya ba.

Ta hannu tana da amfani matuƙar an gwada ta. A nemi sanin sau nawa labulenta ya buɗe, domin ƙananan kyamarori galibi ana ƙiyasta musu kimanin 100,000, na ƙwararru kuma 300,000 ko fiye. A ɗauki farin bango da f/16 ko f/22, duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo. Ƙura ana share ta, amma karce ba ya fita. A cire gilashi a haska tocila ta cikinsa, idan aka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo to fumfuna ce, a ajiye shi. Sannan a manna shafin jarida a bango, a tsaya daidai gabansa a ɗauka, a duba kusurwoyi huɗu: idan rubutun gefe ɗaya ya fito na ɗaya gefen ya dushe, alama ce gilashin ya taɓa faɗuwa ko ya goce a ciki. Akwai kuma wani ɗan faifai a gefen tagar leƙe da ake murzawa don ya dace da idon mai kyamara. Ka murza shi har lambobin da ke cikin tagar su fito maka tar, musamman idan kana sa tabarau, domin mutane da dama sun zargi kyamara da rashin saiti alhali wannan faifan ne ya goce.

Tambaya: Malam, hotuna suna fitowa da kyau a kwamfutata, amma idan na tura wa mutane sai su ce sun dagule. Me ke jawo haka?

Amsa: Malama, hanyar da hoton ya bi ce ta rage shi. Yawancin hotuna a tsarin JPEG ake ajiye su, wanda yake zubar da wani ɓangare na bayanan hoto don fayil ɗin ya yi sauƙi, kuma duk lokacin da aka sake gyara shi aka adana sai ya ƙara zubarwa. Manhajojin aika saƙo da shafukan sada zumunta kuma sukan rage girman hoton su sake matse shi don ya tafi da sauri, idan wani ya ɗauki hoton allonsa ya tura gaba kuwa sai abin ya ƙara lalacewa. A WhatsApp, idan kika aika shi a matsayin fayil maimakon hoto, yakan isa yadda yake. Ki ajiye na asali a wuri guda, ki riƙa yin gyara a kan kwafi, kuma idan kyamararki tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen bayanin sensa da ba a sarrafa ba, ki yi amfani da shi ga hotunan da kike ji da su. Ƙarin kaifi da ake yi da manhaja shi ne aikin ƙarshe, bayan an rage hoton zuwa girman da za a tura shi, kuma da zarar kin ga wani farin zare ya fara kewaye gefen kunne ko bakin hula, to kin wuce wuri, sai ki ja madannin baya har zaren ya ɓace.